Masu cewa “a cire imobilaiza kawai”, yau da ku nake 🧵

1/ Jama'ar Haɗejia da kewaye, yau zan sosa inda yake mana ƙaiƙayi. Duk wanda ya kai motarsa gareji aka kashe mata imobilaiza saboda makulli ya ɓata, da kuɗinsa ya saya wa ɓarawo sauƙi. Wanda ya yi masa aikin kuma ya cuce shi, ko da dariya suka rabu. Rubutun da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku biyo ni.

2/ Wayarin ɗin mota ne sana'ata, da ita nake ci, don haka na san za a ce talla nake. A ce mana. Ban sa lambar waya ba, ban faɗi sunan shago ba, ka kai wa duk wanda ka ga dama. Abin da ya ishe ni shi ne maganar nan da ta zama ruwan dare a garejinmu: “Alhaji a cire shi kawai, ai wannan abin na Turawa ne.”

3/ Na Turawa ne? To injin fa, a Gujungu aka ƙera shi? Birki ma na Turawa ne, ban taɓa jin wanda ya ce a cire masa ba. Sai abu ɗaya da ke hana a tafi da motar kana barci, shi ne ya tsone mana ido.

4/ Bari mu fara daga tushe, don da yawa ba su san abin da ke aljihunsu ba. Makullin motar zamani kashi uku ne. Akwai ƙarfen da aka yanka, shi ke juya makunni. Akwai rimot mai buɗe ƙofa, shi ke cin batir. Sai wani ɗan mitsitsin cip a cikin baƙar robar kan makullin, bai fi ƙwayar wake ba. Shi ne mai maganar.

5/ Cip ɗin nan ba shi da batir. A bakin ramin makulli akwai wani zobe na siririyar waya da aka nannaɗe. Kana murɗa makulli zoben zai watso sigina mai rauni, yawanci a kan kilohaz 125 ko 134, wanda ba ya wuce 'yan santimita. Da wannan ɗan ƙarfin cip ke farkawa ya ba da amsa.

6/ Kamar mai gadi ne a ƙofar gida da tsakar dare. “Wane ne?” In muryar ɗan gida ce a buɗe. Birenbos, wato ƙwaƙwalwar mota, in ya ji lambar da ya sani sai ya saki mai da wuta. In bai san ta ba, ka yi ta yi mata ki har batir ya mutu. Wasu kuma, irin su Golf da Sharon, za su tashi na daƙiƙa ɗaya ko biyu su mutu.

7/ Tsofaffin cip lamba ɗaya suke maimaitawa kullum. Na baya-bayan nan lissafi suke yi: duk murɗawa mota ta jefo sabuwar tambaya, cip ya haɗa ta da sirrin da su biyu kaɗai suka sani ya mayar da amsa. Shi ya sa mai yankan makulli na bakin kasuwa zai yanka maka ƙarfe ya buɗe ƙofa, ya saki sitiyari, amma inji ya ce bai san zancen ba.

8/ Kana son sanin ko taka na da shi? Zare makulli ka dubi dashbod. In ka ga wata 'yar fitila tana ƙiftawa, mai hoton makulli ko mota da kwaɗo, mai gadinka na nan a farke. A Honda koren makulli ne ke fitowa in ka murɗa. In babu ko ɗaya, a duba maka: ko dai haka ta zo, ko wani ya riga ya yi mata aika-aika.

9/ Yanzu ga masu cewa ba shi da amfani. Tun 1998 ƙasashen Tarayyar Turai suka wajabta shi a kan duk sabuwar mota. Ostireliya ta bi a 2001, Kanada a 2007. Masana biyu, Jan van Ours da Ben Vollaard, sun bi alƙaluman satar mota, a 2016 suka wallafa cewa wannan ɗan abin ya rage sata da wajen kashi 40 cikin 100.

10/ Kashi 40 fa. Nuna min mai gadi ko kare da ya taɓa yin wannan aikin, ba ya ci, ba ya gyangyaɗi, ba ya zuwa ƙarshen wata ya ce Alhaji yaya.

11/ In wannan bai ishe ka ba, ga Amurka, inda doka ba ta tilasta sa shi ba. Daga wajen 2011 zuwa 2021 Kia da Hyundai sun sayar da miliyoyin motoci a can, masu araha daga cikin samfuransu, babu imobilaiza. A motocin ƙirar 2015, kashi 96 na sauran kamfanoni na da shi. Nasu kashi 26 kacal.

12/ Me ya biyo baya? Yara ƙanana suka gano. A birnin Milwaukee abin ya fara, suna kiran kansu Kia Boys, su sata su ɗora bidiyo a TikTok. A 2021 kaɗai an sace mota sama da 10,000 a garin, wajen biyu cikin uku Kia ne ko Hyundai. A 2023 kamfanonin suka amince da sulhun kusan dala miliyan 200 da masu motocin.

13/ Ka gane inda na dosa? Can kamfani aka maka a kotu don bai sa ba. Nan kamfani ya sa, mota ta ƙetaro teku da shi lafiya lau, ta sauka Kwatano ko Legas, ta iso har Haɗejia, sai mu zaro kuɗin aiki mu biya a mayar da ita irin waccan da yara ke sacewa. Haba jama'a!

14/ Hanya biyu nake gani ana bi. Ta farko: a fasa kan makulli, a ciro cip, a liƙa shi da baƙin salatif jikin zoben nan, a mayar da roba a rufe. Shi ke nan, kowane ƙarfe ya juya mota za ta tashi, don kullum muryar ɗan gida take ji. Ka kulle gida ka bar makulli a jikin kwaɗo ke nan, ka tafi kasuwa.

15/ Ta biyu: a buɗe birenbos a goge sashen tsaron gaba ɗaya, ko a maƙala wata 'yar na'ura mai kwaikwayon amsa. Wannan ta fi muni, domin dawo da shi babban aiki ne, wani lokacin sai an sayi wani birenbos ɗin. Kuma duk mai buɗe shi bai fara ajiye kwafin abin da ke ciki ba, caca yake da dukiyarka.

16/ Kar ka ɗauka ma ka huta. Ga zafin Afrilu, salatif ya saki. Ga gargadar hanyar fadama, cip ya goce. Mota ta ƙi tashi can cikin Baturiya ko bayan Guri, inda kafin mai wayarin ya iso rana ta faɗi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

17/ Mutum huɗu ne ke da hannu a wannan ɓarnar, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya: mai mota. Ka tara miliyoyi ka sayi Camry, ka sa baƙin gilashi, sabbin rim, sifika mai girgiza unguwa. Makulli guda ɗaya tal. An ce ka yi sifiya, ka ce “sai na samu sarari”. Shekara uku sarari bai zo ba.

18/ Kuma a ina kake yawo da guda ɗayan nan? A ƙasar ruwa. Ka je gonar shinkafa a Auyo, ka tsallaka kwalbati, ka shiga kwalekwale, ka sunkuya wanke ƙafa a bakin kogi da makulli a aljihun gaba. Abin da ya faɗa cikin kacalla wa ya taɓa ciro shi? Ko masunci ba zai karɓi wannan kwangilar ba.

19/ Ga abin da masu mota ba su sani ba. Muddin makulli ɗaya mai aiki na hannunka, ƙara na biyu ƙaramin aiki ne. A jona na'ura a soket ɗin OBD mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, tsohon makulli ya yi wa sabo shaida, mota ta rubuta shi. Sau da yawa kafin ka gama shan shayi an gama.

20/ Ranar da na ƙarshen ya ɓata, labari ya sha bamban. Babu mai yin shaida. Sai an gano yankan ƙarfen daga kwaɗon ƙofa, sai an nemo lambar sirri, ko a ciro akwatin tsaro a karanta shi a kan tebur. A wasu Toyota sai an kwance dashbod kafin a kai gare shi. Kuɗi ya ninka, ya sake ninkawa.

21/ In kuma babu mai na'urar da ta dace da motarka a kusa, to ko ka ɗauko mutum daga Kano ka biya masa zuwa da komawa, ko ka ɗora ta a janwe. Kwana nawa ba aiki? In Sharon ce ta haya mai zirga-zirgar Haɗejia zuwa 'Yankaba, kowace rana balas ne ya tafi. A wannan matsin ake raɗa maka “a cire kawai”, kai kuma ka ce to.

22/ Wani abin takaicin: robar makulli ta tsage, ka sayi sabuwa a kasuwa, yaro ya mayar maka da ƙarfe da rimot, ya wurga tsohuwar a kwata. Cip na cikinta. Mota ta ƙi tashi, a ce fam ne, a ce fulogi ne, a ce sammu ne. Kar ka yar da tsohuwar roba sai ka ji inji ya tashi da sabuwa.

23/ Masu Toyota, ku dubi launin kan makullinku. A da yawa daga cikinsu baƙi shi ne uba, mai ruwan toka kuma ɗan aike ne: yana tuƙi, amma ba ya iya yi wa sabo shaida. In mai ruwan toka kaɗai ya rage maka, kana bakin rami. Ku kuma dubi jikin ƙarfen, akwai mai ɗigo, mai G, mai H. Kowanne cip ɗinsa daban, ba a musanya su.

24/ Masu Peugeot 406 da 307, akwai ɗan katin da ke zuwa da motar, ɗauke da lambar sirri mai gurbi huɗu. Ita ake buƙata wajen saita makulli. In naka na nan, ka adana shi inda kake adana takardar fili. Kar ka bar shi a cikin motar.

25/ Na biyu: dila. A al'ada sabuwar mota da makulli biyu take fitowa, wata ma uku. To ina sauran? Wataƙila ya ɓata a gwanjon Amurka, wannan na faruwa sosai. Wataƙila yana aljihun direban da ya taho da ita. Wataƙila kuma yana hannun mai ita na gaskiya, yana can wata ƙasa yana cigiya.

26/ Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. A Satumban 2024 EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka shigo da su Najeriya. Ranar da aka zo ɗaukar irin wannan motar, wanda ya saya da guminsa shi ke tashi a tutar babu. Dila ya daɗe da cinye ribarsa.

27/ Don haka kafin ka biya, a jona sikana a ga makulli nawa motar ta sani. Da yawa suna faɗa. In ta ce uku kai kuma an ba ka ɗaya, biyu na yawo a duniya, kuma kowanne na iya tada motarka. A goge su a gabanka, ko a cire kuɗin aikin daga ciniki. Ka kuma duba lambar VIN mai gurbi 17, ta zo daidai da takardar kwastam?

28/ Kai kuma dila, in ka san an kashe wa mota imobilaiza ka yi gum ka sayar, aibi ka ɓoye. Ba sai na ɗauko maka malami ya faɗi hukuncin ɓoye aibin haja ba, tun a islamiyya ka sani.

29/ Na uku: 'yan uwana masu wayarin. Ku yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Yawancin “a cire kawai” fassararsa ita ce “ba ni da na'urar, kuma ba na so ka tafi wurin wani”. Cewa “Alhaji wannan ya fi ƙarfina, ga wanda zai iya” bai taɓa rage wa kowa arziki ba.

30/ Kuma ba duk fitilar da ta ƙifta ba ce ke nufin tsaron ya lalace. Batir mai rauni na kawo haka. Zoben na iya tsinkewa, soket na iya yin tsatsa, fiyus na iya ƙonewa. Makulli biyu masu cip a maɗauri ɗaya na iya rikita juna. Sikana za ta nuna inda ciwon yake. Wane likita ne ke yanke ƙafa saboda ƙaya?

31/ Masu mota mai dannawa, in batirin rimot ya mutu ba motar ce ta mutu ba. A yawancinsu ka manna rimot ɗin jikin maɓallin, ka taka birki, ka danna. Cip ɗin ciki zai amsa ko babu batir. Na ga bawan Allahn da aka caja kuɗin “gyaran kwamfuta” a kan ɗan batirin CR2032. Wallahi a ji tsoron Allah.

32/ Ga kuma damina. Mun ga ambaliyar 2020, mun ga ta 2022, mun san abin da ruwan da ke gangarowa daga wajen Tiga da Challawa yake yi in ya tarar kacalla ta toshe masa hanya. In mota ta sha ruwa, abu na farko: kar ka yi mata ki. Cire kan batir, a buɗe, a busar, a duba birenbos da soket-soket.

33/ In ta tabbata sai an canja birenbos, na gwanjon da za ka sayo a Ƙofar Ruwa bai san makullinka ba, na wata motar ya sani. Shi ya sa ake sayar da shi haɗe da akwatin tsaro da makullinsa, ko kuma a saita shi da naka. Aiki ne sananne. A irin wannan lokacin nake yawan jin “ai ba ya shiga, sai an kashe”. Yana shiga malam. Karatun ne bai shiga ba.

34/ Na huɗu shi ya fi ba ni tsoro: mai na'urar da ba ya tambaya. Yau da Xhorse ko Autel ko Launch a jaka, mutum na iya yi wa motoci da yawa makulli ko babu na asali. Na'urar ba ta san mai mota ba, ba ta san ɓarawo ba, duk wanda ya biya shi ne kwastoma. Kai da ke riƙe da ita kai kaɗai ka rage a bakin ƙofa.

35/ Wani ya taɓa zuwa min bayan isha'i, tsaf da shi, turare na tashi. Wai motar yayansa ce, makulli ya faɗa rijiya, tana wani gida a bayan gari, zai ninka min kuɗi in a daren za a yi. Na ce takardu, ya ce suna cikin motar. Na ce to kira yayan mu gaisa. Nan take cajin wayarsa ya ƙare. Har yau bai dawo ba.

36/ Ban ce ɓarawo ne ba, Allah ne masani. Amma mai gaskiya ba ya gudun tambaya uku: ina takardun mota, ina katin shaidarka, sunan ya zo ɗaya? In ba sunanka ba ne, mai sunan ya zo ko ya yi magana. A ɗauki hoton VIN da lambar mota, a rubuta a littafi da kwanan wata.

37/ Littafin nan kai yake karewa. Ranar da aka tare mota a hanyar Maigatari da sabon makulli a jiki, tambayar farko ita ce wa ya yi shi. “Ai kwastoma ne, ban san shi ba” ba amsa ba ce a caji ofis. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

38/ Shugabannin NATA na yankinmu, ranku ya daɗe, wannan a hannunku take. Ku mayar da ita doka a kowane gareji: babu takarda, babu makulli. In ni na ƙi, na kusa da ni ya karɓa, ba a yi komai ba. Shugabannin tasha ku ma, duk motar da ke layi a tambaye ta sifiya kamar yadda ake tambayar taya.

39/ Wani bambanci da ya kamata kowa ya riƙe: kwafi daban, rajista daban. Kwafi shi ne a juye cip ɗinka a kan wani, mota ta ɗauka makulli ɗaya ne. Yana da sauri, yana da araha, a matsayin sifiya ba laifi. Rajista kuwa mota ce da kanta ke ba sabon makulli gurbinsa.

40/ Ga inda bambancin ke cizo. Makulli ya ɓata, ko an sace, ko ka sallami direba bai dawo da nasa ba. Mai rajista ana goge shi: zai buɗe ƙofa, amma ba zai ƙara tada inji ba. In kuwa kwafin wanda ya ɓata ne a hannunka, tagwaye ne, ba a goge ɗaya a bar ɗaya. Sai an kawo sabon cip. Ka tambayi mai yi maka tun farko: wanne za ka yi min?

41/ Na san amsoshin da za su zo, bari in tare su.

“Ai Allah ne ke tsarewa.” Ƙwarai kuwa. Amma kai ɗin nan kwaɗo biyu kake sa wa shagonka, wayarka ma sai da ɗan yatsa take buɗewa. Tun muna yara aka koya mana tawakkali da ɗaure raƙumi tare suke tafiya. Sai a kan mota ka manta?

42/ “Ai ana karya shi.” Gaskiya ne. Masu bincike a Turai sun gano raunin cip ɗin Megamos, har Volkswagen ta je kotu a Ingila a 2013 ta hana su wallafawa, sai 2015 aikin ya fito. Amma wannan harkar masu kwamfuta da kayan aiki ce. Mai zagaye a bakin masallacin Juma'a ko wajen ɗaurin aure, wadda ta fi sauƙi yake nema. Kar taka ta zama ita.

43/ “In da bindiga aka tare ni fa?” Nan kam ba ruwan imobilaiza, miƙa makulli ka tsira da ranka. Wannan aikin na'urar bin sawu ne. Kowane tsaro da irin ɓarawon da aka yi shi dominsa. Don katanga ba ta hana ɗan fashi, ba ka rushe ta gidanku ba.

44/ Wuri ɗaya zan sassauta. Tsohuwar Golf 3 ta haya, ta haura shekara 25, akwatin tsaron ya mutu murus, an nema an rasa. To, ba yadda za a yi. Amma a gaya wa mai ita gaskiya, a sa mata ɓoyayyen makunnin yanke mai da ƙarfen ɗaure sitiyari, ranar sayarwa kuma a faɗa wa mai saye. Larura ce, ba a mayar da ita al'ada.

45/ Matasanmu masu cewa babu aikin yi, ga aiki nan yana kallonku. Motocin da ke shigowa yanzu kwamfuta ce a kan taya huɗu. Ga Binyaminu Usman Polytechnic a cikin gari, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga masu takardar kwamfuta zaune a majalisa ana musun ƙwallo. Mai haƙurin bin zanen waya, in ya durƙusa gaban ƙwararre ya koya, ba zai rasa na cefane ba.

46/ Kasuwar ba ta tsaya a Haɗejia ba. Malam Madori, Kaugama, Auyo, Kafin Hausa, Birniwa, Guri, Kiri Kasamma, har Nguru. Kuɗin janwe da na ɗauko mutum daga nesa a nan ya kamata ya zauna. Amma ka shigo da littafin rajistarka tun ranar farko. In kuɗin dare kake so, don Allah ka bar mana sana'ar.

47/ Abin yi a satin nan: in makullinka ɗaya ne, je ka yi na biyu tun wannan na raye. Gwada shi a gabansu ya tada inji, buɗe ƙofa bai isa ba. Ajiye shi a gida wurin wanda ka yarda da shi, ban da cikin motar, ban da maɗauri ɗaya da na farko. In hannu ka sayi motar, a duba makulli nawa ta sani, a goge baƙi.

48/ In kuma an riga an kashe maka, kar ka ce ta ƙare. Kai a buɗe robar sitiyari a duba. In cip ne aka liƙa, mayar da shi cikin makulli ƙaramin aiki ne, daga nan a yi maka sifiya ta gaske.

49/ Duk wanda ya sake ce maka “a cire kawai”, tambaye shi abu ɗaya: in an sace, zai biya? Ka tsaya ka ga yadda zai sosa ƙeya.

Ku tura wa babanku, ku tura wa direban gidanku, ku tura wa abokin nan mai Corolla da makulli ɗaya ɗaure da zare. Masu wayarin da ransu ya ɓaci, ga fili nan, ku kawo hujja mu tattauna. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu.